Ruwan Ɗumi a Cikin Jirginmu

Shekaru da yawa baya, tun Gwagwalada tana ƙauye kuma ba a fara zancen kawo babban birni nan ba, maigidana yana da jirgin fito a kogin Gurara. Kwalekwale ne babba, ya ɗora masa tsohon injin niƙa ya haɗa da farfela. Irin injin nan da ruwan duro yake sanyaya jikinsa: tiyo biyu ne, ruwa ya shiga ta na ƙasa, ya yi zafi, ya koma duro ta na sama.

Wata ranar kasuwa a tsakiyar damina na bi shi zan je gaida mahaifiyata a ƙetare. Kogi ya cika ya yi ja. Fasinjan matan Gbagyi ne da doyarsu, da wani dattijo ɗan garinsu, da wata Bafulatana mai nono. Al'adar jirgi ita ce wanda ya zauna kusa da inji shi ke kwashe ruwa da ƙwarya, don ba kwalekwalen da ba ya yoyo. Ni na zauna a wurin. Ina ta kwasa ina zubarwa, ina so a ga matar mai jirgi ba raguwa ba ce.

Muna tsakiyar kogi sai ƙarar inji ta canza, warin ƙuna ya tashi. Maigidana ya leƙa duro ya ga ruwa ya sauka ƙasa da bakin tiyon sama, alhali da safe ya cika shi. Ya karkata jirgin zuwa wata bishiyar giyayya da ruwa ya ci rabinta, ya ɗaure igiya a reshe, sannan ya kashe inji.

Kowa ya san abin da ke jiranmu a gaba in ruwa ya tafi da mu. Duwatsu ne, kuma da wannan cikar tuƙin hannu da filafili ba ya iya tsallakar da jirgi mai kaya. In injin ya lalace, ba mu da wata hanya, ga ruwa yana ƙaruwa.

Dattijon nan ya karɓe ƙwaryar daga hannuna ya ɗebo ruwan kogi.

"Mai jirgi, ruwa ya cika ko'ina, inji yana kuka ƙishi. Bari in zuba mashi."

Maigidana ya riƙe masa hannu a hankali. "Baba, yi haƙuri. In sanyi ya taɓa shi yanzu, kansa zai tsage. Daga nan sai dai mu hau doya mu ƙetare."

Wasu suka yi dariya, dattijon bai yi ba. Ya ce shi ya ga mutum yana ƙonewa an zuba masa ruwa, bai taɓa ganin an ce a jira ba. Maigidana ya ce gaskiya ne, amma wannan ba mutum ba ne, ya fi mutum saurin fushi.

Ya duba duron ko ya huje, bai huje ba. Ya bi tiyon sama da ido, a bushe yake. Na ƙasa kuwa ya bi ta ƙarƙashin katakon da nake zaune, inda kullum akwai ruwa, don haka ba a gane yoyo a wurin. Sai ya tako inda nake ba takalmi. Ƙafarsa na shiga ruwan ya dube ni.

"Maman yara, tun yaushe ruwan nan yake da ɗumi?"

Na ce tun da muka baro gaɓa. Gaskiya daɗinsa ma nake ji, don da sanyi na fito, na ɗauka rana ce ta ɗumama shi. Bafulatanar ta ɗaga kai ta dubi hadarin da ya rufe sama, ta ce wace rana, ko tawa daban ce? Na rasa inda zan sa fuskata.

Shi bai yi mini faɗa ba, a lokacin ko daga baya. Ya ɗaga katakon, ya laluba, ya samu tsagar a cikin tiyon, daidai inda yake gogar ƙusa. Ya kwanto robar tayar keke da yake ɗaure filafili da ita, ya toshe tsagar da hannu ɗaya, ya naɗe da ɗayan, ya ɗaure tam. Sannan muka jira injin ya huce. Jiran nan ya fi komai wuya. Reshen yana ƙara, matan suna addu'a, wasu da sunan Yesu, mu muna salati. Da ya ga ya iya ɗora hannu a jikin injin, ya ba dattijon ƙwarya ya ce yanzu ya zuba, amma a duro, kaɗan-kaɗan. Ya juya hannun injin, ya tashi, muka ƙetare.

A gaɓa ya miƙo mini igiya ya ce in ɗaure jirgin. Bai taɓa ba ni wannan aikin ba. Da na duba sai na ga tafin hannunsa na hagu ya yi bororo, fatar ta saɓule. Ashe da ya laluba ƙarƙashin katakon, ruwan da ke fitowa daga jikin inji tafasasshe ne. Na buɗe baki, ya girgiza mini kai, don fasinja ba su gama sauka ba.

Bara Allah ya karɓi ransa. Mutane da yawa sun zo gaisuwa suna cewa mai haƙuri ne, ina amsawa da amin. Ban iya yi musu bayani ba. Na zauna gab da shi a ranar nan, gwiwata tana taɓa tasa, ban ji ko numfashinsa ya canza ba. Har yau ina tunanin sau nawa ya yi mini irin haka a zamanmu ban sani ba. Allah ya ji ƙansa.