Wutar da Na Kashe a Gidan Ɗiyata

Ɗiyata malamar firamare ce. Shekara da shekaru ita da mijinta suna haya, mai gida na daka masu tsawa kamar yaransa. Da sunanta ya fito cikin ma'aikatan da za a ba gidaje a bayan garin Gusau, a riƙa cirewa daga albashi a hankali, har azumin godiya na yi. Ban ga gidan ba sai da ta haihu.

Haihuwar fari a gaban uwa ake wanka. To amma ƙauyenmu na ƙasar Tsafe mun watse saboda 'yan bindiga, ni kaina a raɓe nake gidan ƙanena a Bungudu. Don haka ni na bi ta. Na ɗauko babbar tukunyata, na sayi icce, na karyo ganyen darbejiya, aka loda mani a mota.

Na tarar da gidaje a jere kamar akurkin kaji, ba zaure, ba katanga. Mai wucewa bisa babur yana ganin abin da ke cikin kwanonki. Banɗaki kuwa cikin ɗaki, in kin durƙusa gwiwarki na taɓa bango. Ina mace za ta zauna a fyaɗa mata ruwan zafi a nan? Wanda ya tsara gidajen nan, uwarsa ba ta yi jego ba ne?

Na sa aka kafa zana a bayan gida, na girka murhu. Safe da yamma ina gasa mata jiki, ta fara samun ƙarfi. Rannan ruwa na tafasa sai ga mai kula da gidajen, ya leƙo cikin zana ko sallama babu.

"Hajiya, wa ya ba ki izini?"

"Ban je Makka ba, Inna ake ce mani. Izinin mi?"

"Nan ba a hura wuta, ba a kafa komai. Gidan bai zama nata ba sai ta gama biya. Dubi yadda hayaƙi ya ɓata fenti."

"Fenti ka zo wa barka ko mai jego?"

"Ta sa hita a bokiti mana."

"Da wutar da ba ku kawo ba?"

Sai ya murtuke. Ya ce in ya dawo ya iske zanar nan zai kai rahoto, kuma ƙwace gidan za a yi, masu jira suna da yawa.

Na ɗauki muciya, wallahi da niyya na ɗauka. Sai ga ɗiyata ta fito tana dafa bango, jikinta ɗanye, ta durƙusa gaban mutumin da bai san gaisuwa ba tana ba shi haƙuri. Sannan ta juyo gare ni.

"Inna, don Allah. Na daɗe ina jiran gidan ga. In aka amshe, ina za ni da ɗan nan?"

Da hannuna na kwara ruwa a wutar, ina kallon idonsa.

Amma wanka ba a yanke shi, na ga matan da sanyi ya nakasa. Na ce wa surukina ya nemo mota, ya zauna ya yi gadin bangonsu. Na kwashe ta da jariri zuwa Bungudu, gidan ƙanena da 'yan gudun hijira suka cika har ɗakin ajiya. Can bayan rumbu ta yi wankanta, matan da ba ta sani ba suna riƙe mata zane, awaki na ratsawa. Mace mai gidanta sukutum, kowane wata ana yankar albashinta, ta ƙare jego bisa tabarmar aro.

Da ta yi arba'in, jikinta ya yi kyau, na raka ta da kaina har Gusau. A bakin titi na miƙa mata jikana. Ta ce in shiga ko ruwa in sha. Na ce ranar da gidan ya zama nata ta aiko mani, na tsallaka na tare motar Bungudu.