Sunan da Ban Sa a Takardar Tafiya Ba

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da labarin ƙasa a lakwal, wato makarantar boko, daga Dawce zuwa Dungu, daga baya aka dawo da ni gida Matamaye, kuma iyakar yawona a duniya Yamai ce ta yamma, Kano ta kudu. Alhaji kuwa, wanda muka zauna benci ɗaya da shi muna yara, wanda ya gudu daga aji huɗu ya koma sayar da rake a tasha, fasfo uku ya cika da hatimi. Makka ya daina lissafin zuwanta, Dubai kamar Kance da ke nan maƙwabtanmu take a wurinsa, ƙasar Sin kuma can yake saro kayan babura. Ina son mutumin nan, shi ya kawo ragon sunan ɗana na fari. Amma ba zan yi ƙarya ba, duk sanda ya dawo ya miƙo mini kwalbar turare ya ce ga tsarabata, godiyar baki kawai nake yi masa. Hassada ce, na san sunanta, ba sai wani ya gaya mini ba.

Wata hantsi, bayan na ajiye alli da shekara biyu, ya aiko in same shi a shago. Ya ce a can Sin ya ji labarin wata ƙasa da ba a shiga sai da izinin hukumarta, kuma ya bincika, duk alhazan Damagaram babu wanda ya taɓa taka ta. Shi ke nan dalilinsa, ba wani abu ba. Ya samo wani kamfani da ke kai masu hali yawon buɗe ido can, amma takardunsu da Faransanci suke, shi kuwa Faransancinsa bai wuce na ciniki ba. Ya tura mini babbar wayarsa ya ce in karanta, in tsara komai.

Na karanta har ƙarshe. Ƙasar nan na koyar da ita, na san kogunanta da sunan duwatsunta, na sha dukan yara a kan babban birninta. Ga ta nan a hannuna, kwana goma sha biyu, da otal mai hawa sama da talatin, da jirgin ƙasa mai ɗakin kwana, da mota ta musamman. Sai dai dokoki kamar gidan kaso. Ba ka fita ƙofar otal kai kaɗai. Mutum biyu na hukuma suna tare da ku daga safe har ku kwanta. Hoto sai inda aka nuna maka. Ba ka tsayar da mutumin gari ku gaisa, balle ka tambaye shi farashin wani abu. Da na fassara wa Alhaji wannan ta ƙarshe sai da ya cire hula ya sosa kai, don shi ko jana'iza ya je sai ya ji nawa ake sayar da buhun gero a garin.

Ranar nan ya fara yi mini tayi. Ya ce kujera biyar zai kama: shi, da ƙanensa, da abokan kasuwancinsa biyu na Damagaram, ta biyar ɗin tawa ce. Na yi dariya na ce haba Alhaji, ina ni ina jirgin sama, tsoho da ciwon gwiwa. Ya yi murmushi bai ƙara ba. Dukanmu mun san abin da ake yi. A gidanmu ko tuwo aka kira ka ba ka miƙa hannu a kiran farko, sai an maimaita, an kuma maimaitawa, sannan ka matso kamar an tilasta ka. Babana ya taɓa kwana da yunwa a gidan surukansa don sau biyu kawai aka yi masa bismilla. Ni ɗan wannan mutumin ne, kuma malamin lakwal mai ɗan fansho ba zai yarda a ce ya yi tsalle ya kama kyautar attajiri ba.

Amma a satin nan na ce wa uwar ƴaƴana zan je Yamai duba ɗiyarmu, na je na yi fasfo. Da ya fito na naɗe shi a leda na tura ƙarƙashin akwatin littattafaina, ban gaya wa kowa ba.

Wata biyu na yi ina aikin tafiyar nan kamar tawa, don a raina tawa ce. Kullum bayan azahar ina shagon, ina rubuta wa wata mata ta kamfanin wasiƙa ta waya. Na roƙa a riƙa tsayawa lokacin salla, aka ce a ɗakin otal kawai, ba a bainar jama'a ba. Na tsara abinci, kifi da ƙwai da shinkafa, kada a kusanto mana da naman da ba mu san yankansa ba. Na tambaya ko za a shiga da buta, matar ta kasa gane abin da nake nufi sai da na ɗauki hoton ta shagon na tura mata. Alhaji ya so ya tafi da samfurin aya da riɗi ko Allah zai sa a dace da kasuwa, aka ce ko ƙwaya ɗaya. Ya ce to goro fa, na ci ne. Aka ce shi ma sai an rubuta. Akwai zaɓi tsakanin kwana biyu a bakin teku da kwana biyu a wani dutse mai tafki a samansa, na zaɓi dutsen ban shawarci kowa ba, don tun ina saurayi nake son ganin ruwa a kan dutse. Da na gaya musu suka ce duk abin da Mushe ya ga dama, wato ni, don haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu. Wallahi ko sunan dutsen ba su tambaya ba.

Tayi na biyu ya zo ana saura kwana uku a aika sunaye. Muna zaune a shago, har da wani surukin Alhaji daga Yauri, wan amaryarsa, mai sayar da taki, wanda ya shigo gaisuwa ya tarar ana shayi ya zauna. Alhaji ya ce Mushe, kujerar nan fa tana nan. Na sunkuyar da kai na ce a bari dai Alhaji, a ba wanda ya fi ni buƙata. Sai Alhaji, cikin wasa, don dai a yi dariya, ya juya wurin surukin ya ce to kai fa, za ka je?

"Zan je. Allah ya saka da alheri," in ji shi, kofin shayi na hannunsa.

Ko numfashi bai ja ba. Kai, ban taɓa ganin rashin ta-ido irin wannan ba. Alhaji ya dube ni, na dubi buhunan da ke jingine. Magana ta fita gaban mutane, kuma suruki ne, ba ta komuwa. Na ji kamar in kwaɗa masa butar shayin, amma ni ne na fara cewa madalla.

Duk da haka ban tsorata ba, kuma nan ne wautata take. A takardar kamfanin an rubuta ɓaro-ɓaro cewa sunayen da aka aika wa hukumar ƙasar su ke nan, ba ƙari, ba canji. Ni da bakina na karanta musu. Amma na ce a raina haka ake rubutawa a kowace takarda. Shekara nawa ina ganin an rufe rajistar jarrabawa, a kawo ɗan wani bayan sati a buɗe? Wace mota ce ta taɓa tashi daga tashar Matamaye aka ce ta cika, in dai mai zuwan sananne ne? Alhaji ma haka ya ɗauka: a aika biyar, in ya shawo kaina a ƙara ta shida. Ranar aikawa ni na rubuta sunayen ɗaya bayan ɗaya, da ranar haihuwa da sana'a da sunan uba. Da na gama na biyar akwai fili a ƙasa, fasfona kuma yana aljihun rigata, na zo da shi. Alhaji yana can ƙofa yana rigima da direban da ya kawo kaya. Da zan ɗaga murya in ce Alhaji in sa nawa, da ya ce sa mana, ko waiwayowa ba zai yi ba. Na daɗe ina kallon filin nan. Sai na ga mutum ya rubuta sunansa da hannunsa, ba a yi masa tayi na uku ba, wannan ai kwaɗayi ne tsirara. Na aika biyar.

Bayan kwana takwas Alhaji ya zo gidana da la'asar, a ƙafa, shi da ƙanensa, abin da bai yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ƙanen yana riƙe da shadda ɗinkakkiya da wata rigar sanyi mai nauyi. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Alhaji ya ce ya zo roƙo ne, tafiyar nan ba ta yiwuwa ba da ni ba, in dubi zumunci in taimaka masa. Ya yi abin yadda ake yinsa, babu abin da ya rage. Na yi shiru gwargwadon da ya kamata, sannan na ce tunda ya matsa, ba zan watsa masa ƙasa a ido ba. Da suka tafi na sa rigar sanyin a tsakar gida, ana zafin bazara, uwar ƴaƴana tana dariya har da riƙe ciki.

Washegari na rubuta wa matar kamfanin a ƙara suna ɗaya. Amsa ta zo kafin la'asar: ba zai yiwu ba. Na sake rubutawa da Faransancin da ban taɓa yi wa ko sufeto ba. Alhaji ya karɓi waya ya ce in gaya mata a faɗi ko nawa ne goron masu hatimin. Matar ta ce ba a hannunsu abin yake ba, kuma a can ko tayin irin wannan laifi ne. Na tambaya in wani ya janye fa, a sa wani a madadinsa? Ta ce ko mutuwa mutum ya yi, kujerarsa haka za ta tafi ba kowa. Sai bayan an fassara wannan ne surukin na Yauri ya miƙe yana rantsuwa shi ya bar wa Mushe kujerarsa. Ya ji dai ba ta baruwa, shi ya sa. Hanya ɗaya ta rage, in ji matar: a soke tafiyar gaba ɗaya, a sake neman izini baɗi da sababbin sunaye, kuma ba ta yi alkawarin za a bayar ba.

Aka taru a shagon, su biyar da ni. Mutanen Damagaram sun riga sun yi sallama da rabin garinsu, fuskokinsu a murtuke. Alhaji ya jawo kujerarsa har gwiwarmu ta haɗu.

"Mushe, wancan karon sau uku na bi ka, ka ga inda ya kai mu," ya ce. "Yau sau ɗaya zan tambaya, abin da ka faɗa shi zan kama. In kana so, a soke, mu nema baɗi da sunanka a sama. A soke?"

Allah shi ne shaida, duk jikina cewa yake a soke. Kalma biyu ce, kuma ya share mini hanya, ya gaya mini babu tayi na biyu. Na ɗaga kai na ga ido takwas na sauran huɗun a kaina, na surukin har da ɗan murmushi.

"A'a, Alhaji. Ba za a ɓata wa mutum biyar tafiya saboda ni ba. Ku je, Allah ya kiyaye hanya."

Ya daɗe yana kallona. Ni kuma, don wauta ba ta da magani, ina zaune ina jiran ya sake tambaya. Ya ce to, ya mayar da kujerarsa inda take. Mutanen Damagaram suka shiga yabona, wai Mushe dattijo ne, ba shi da son kai. Ban taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

Suka tafi, suka dawo lafiya. Shekarar da ta biyo ciwon suga ya taɓa ƙafar Alhaji, tun daga nan ko Kano sai dole take kai shi, maganar ƙasar waje ta mutu. Shi bai cika ba da labarin tafiyar ba in ina wurin, yana jin nauyina. Surukin ne ya mayar da ita sana'a. Duk ranar da ya shigo gari sai ya zauna a majalisarmu ta ƙofar masallaci ya buɗe baki, ya kira teku kogi, ya ɗauke babban birnin daga yamma ya kai shi gabas. Dutsen nan da na zaɓa da hannuna, cewa ya yi sanyi ya hana shi fita daga mota, barci ya yi har aka sauko. Rannan ya ce wai a ƙasar rana ta arewa take fitowa, wani dattijo ya kasa haƙuri ya juyo wurina ya ce Mushe, kai ka karanta, haka ne?

Na ce ku tambaye shi, shi ya je.