Layar da ke jikin sandar sitiyari

A gidanmu na Wurno kowa malami ne, ban da ni da awaki. Na yi allo har inda bulala ta fi karatu yawa, na yi boko har aji uku, sannan na bar musu abinsu. Da mahaifinmu ya rasu, 'yan'uwana sunka raba littattafai, ni anka miƙo mini makullin tsohuwar a-kori-kurarsa. Ba a ba ni motar ba, tuƙi anka ba ni. Baffa, ƙanen mahaifinmu, shi ke da ta cewa a kanta. Nawa in kwashi albasa daga fadama in kai Goronyo, ranar kasuwar Gandi in ɗauko tumakin Fulani. Da makullin nan nake ciyar da mata da ɗiya biyar, ba ni da wata sana'a.

Sandar sitiyarin, ƙarfen nan da ya taso daga ƙasan mota ya riƙe sitiyari, ta cinye tun mahaifinmu na da rai. Sai ka murza kusan rabin zagaye kafin tayoyin gaba su samu labari. Shekara goma sha ɗaya ina fama, har hannuna ya haddace ta: in kwana na gaba, tun daga nesa nake fara murzawa, kafin mu iso motar ta gama shawara.

A jikin sandar akwai laya. Mahaifinmu ya rubuta da hannunsa, baduku ya ɗinke ta da jar fata zagaye da ƙarfen, ba ta fita sai da wuƙa.

Bakanikena na Goronyo, wani gajere mai baki kamar reza, ya girgiza sitiyarin wata rana ya ce, "Direba, wagga sanda ta mutu, jana'iza ce kawai ba a yi mata ba. Wata rana kai ka yi hanyar Rabah da sitiyari, mota ta yi hanyar Rara."

Na samu Baffa a zaure, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"Allah shi gafarta malam, sandar sitiyari ta gaji."

"Mi ta yi maka?"

"Ba ta jin magana, Baffa."

"Kai kana ji? Ta taɓa kashe ka?"

"A'a."

"To mi kake nema?"

Na ce ina son a canza ta kafin ta kashe ni ɗin. Ya ce ku ji ɗan boko aji uku, zai tsige rubutun mahaifinsa ya dogara ga ƙarfen Nasara.

Sai surukin Baffa ya sa baki, mijin babbar ɗiyarsa, mai sabon lasin tuƙi da hula a karkace. Sau ɗaya ya taɓa gwada motar, bai kai bakin titi ba ya sauko yana gumi. Ya ce, "Baffa, a tausaya wa yaya, a canza." Ni wawa har na gode masa. Ban lura ba cewa in sitiyari ya gyaru, kowane mai lasin na iya riƙe makullina.

Baffa ya yarda, da sharaɗin a mai da layar jikin sabuwar sanda kafin mota ta motsa.

Bakanike ya samo wata daga jikin motar da ta yi hatsari, ya wuni kwance ƙarƙashi yana zagin kusoshi. Ya yanke layar ya miƙo mini. Baduku ya tafi suna a ƙauye, albasar mutane kuma na jirana a Kagara. Na jefa layar a aljihu, na ce gobe ma rana ce ta ɗinki. Hanyar zuwa miƙaƙƙiya ce, na isa lafiya ina ta murmushi.

A dawowa, da lodi har sama, na hango kwanar da ke gefen magudanar ruwan noman rani. Ni na san an canza sanda. Hannuna ne ba wanda ya gaya masa. Tun daga nesa ya murza rabin zagayen da ya saba. Motar kuwa ta bi umarni nan take. Karo na farko a rayuwata da wani abu ya yi mini biyayya, sai ga mu cikin ruwa, albasa na iyo kamar agwagi, manoma na salati suna tsinta.

Kashegari, bayan an jawo motar, anka zauna a kaina a zaure. Na yi bayanin hannu da sabo, dalla-dalla. Malamai bakwai, ba wanda ya gane. Baffa ya ce, "Ina laya?" Na ciro ta daga aljihu, a jiƙe. Kowa ya gyaɗa kai, an gano cuta. Hukunci ya fito: a mai da tsohuwar sanda, a ɗinke mata layarta, makulli kuma a ba suruki, tunda ni ba na riƙe amana.

Kwana huɗu ina zaune gida, matata na auna gero tana kallona. Bakanike ya mai da matacciyar sanda yana cewa shi dai bai taɓa tone kabari da sifana ba sai a gidan malamai.

Ranar da suruki zai fara aiki har turare ya shafa. Ya tayar, ya nufo kwanar ƙofar gida, ya murza sitiyari daidai yadda anka koya masa wurin neman lasin. Motar ba ta ko ji ba. Ta wuce kai tsaye ta rushe katangar zauren Baffa, ta tsaya taku biyu daga buzunsa, da butar alwala ƙarƙashin taya.

Bayan la'asar Baffa ya aiko kirana. Bai dube ni ba, ya turo makullin da bakin sandarsa ta dogarawa. "Motar ga ta san jinin mai ita," ya ce. "Ɗauki."

Na ɗauka, na yi godiya har ƙasa. Har yau ni ke tuƙa ta, ina murzawa tun daga nesa, ina addu'a a kowace kwana. Sabuwar sandar tana bayan gida, ita ke tokare da rumfar awaki, kuma ba ta taɓa motsi ba.