Lallen Bakin Rariya

A gidanmu na Kurfi ruwan wanka da na wanke-wanke ba ya fita waje. Kakata ta haƙa rami a bakin rariya, ta zuba tsakuwa da gawayi da yashi, ta dasa lalle a gefe. Ruwan yakan nutse ba wari, lallen kuwa kore shar har tsakiyar rani.

Bayan samun mulkin kai kawuna ya dawo daga aiki a Dutsin-Ma, ya ce wannan ƙauyanci ne. Ya cike ramin, ya ja kwatar siminti har titi.

Kaka ta ce, "To, ɗan nan, ka kai wa maƙwabta ƙazantarmu."

Lallen ya bushe. Har yau abin yana ci mini rai, don ranar bikin yayata lallen kasuwa aka sa mata, 'yan ɗaukar amarya kuma suna toshe hanci a ƙofar gidanmu.