Kofi Shidan Nan Ni Na Sha Su, Malam Lawal

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Lawal Ɗayyabu a asibiti a Whitechapel, yana da shekara hamsin da takwas. Zuciya ce ta tsaya masa. Na ce zuciya, kuma zan maimaita kafin in gama, domin akwai waɗanda suka riga likita sanin abin da ya kashe shi. Ya bar matarsa Hajiya Faridatu da 'yarsu Mufeeda. Masu sauraron rediyo sun san muryarsa shekara ashirin. Yaran Hausawan gabashin Landan kuwa sun san shi da ajin Asabar, inda ya koya musu karatu da rubutun Hausa shekara goma sha ɗaya, har ranar da aka karɓe makullin ajin daga hannunsa.

Ni sunana Kambai, direban bas, Kirista, mutumin ƙasar Zonkwa, kuma dattijo a wata ikilisiya a Dagenham. Ban iya rubutu irin naka ba, Malam, da ka ga wannan da ka cika shi da jan biro. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma raina a ɓace yake, don haka a karanta shi yadda ya zo.

A cikin bas muka haɗu, a Stratford. Wata mota ta sha gabana, na auna mata abin da ya sawwaƙa da Hausa, ina zaton babu mai ji. Da za ka sauka sai ka leƙo ka ce, "Direba, zagin nan naka na Kaduna ne ko na Jos?" Tun daga ranar ba ka taɓa kirana da sunana ba, sai Direba. Ko da aka naɗa ni dattijo, cewa ka yi an ba kura ajiyar nama. Kai ka sa ɗana Zion a ajinka, yaron da ke amsa mini kowace magana da Turanci. Da wasu iyaye suka yi ƙorafin an haɗa 'ya'yansu da ɗan coci, ka ce musu koyon Hausa ba ya buƙatar alwala. Kowace Kirsimeti kana gidana da cokalinka, har matata ta saba zuwa Whitechapel sayen naman yankan Musulmi saboda kai.

A watan Satumba na 2023 mahaifiyata ta rasu a can gida Zonkwa. Kwana uku kana zuwa kana zama da ni. A rana ta uku na nuna maka takardar jana'izarta, inda aka rubuta cewa fitacciyar 'yar kasuwar hatsi ce. Ni na rubuta wannan layin da hannuna, kuma ƙarya ne. Uwata burukutu take dafawa. Shekara arba'in tana gaban tukunya, da ita ta yi mini makaranta, ni kuwa tun da na iya sa taye nake ɓoye sana'arta. Ikilisiyarmu ta hana sha, surukaina ba su sani ba, ɗana ma bai sani ba. Kai kaɗai na gaya wa, kuma ba ka yi mini wa'azi ba. Tambayata ka yi yadda take yin ta, sai na ga ashe ban manta komai ba: yadda take jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta har ta yi tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa, sannan ta kara kunnenta a jikin randa tana sauraro.

Bayan mako uku ka kira ni. "Direba, na yi booking, na kama mana wuri. Ranar Alhamis ƙarfe uku, ka sa riga mai kyau." Ba ka faɗa mini ina za mu ba. Ashe wajen aikinka ka taɓa jin labarin wani ɗan shago a wani lungu kusa da Liverpool Street, inda ake sayar da giyar shinkafa ta Japan, ana kuma koya wa mutane yadda ake yin ta. Sunan giyar sake, rubutunsa sak irin na kalmarmu. Da muka isa ka ɗaga kai ka karanta allon ƙofa da Hausa, "Sake bar," ka ce ko Japanawa ba su ƙarasa jimla ba ne, a sake bar wa wa?

Na tsaya a ƙofa na ce maka wannan ba wurin zuwanka ba ne. Ka ce ka sani, zaman ma kansa ba daidai ba ne a addininka, kuma za ka nemi gafara a kansa, tsakaninka da Ubangijinka. Amma akwai abin da kake so in gani da idona, kuma ka san ni kaɗai ba zan shiga ba.

Ƙaramin wuri ne, kujera takwas, dogon teburin katako, da babbar taga mai kallon titi. Wata Bajapaniya mai furfura ce ke kula da shi. Ta kawo mana shinkafa a tafin hannu iri biyu, ɗaya kamar wadda muka sani, ɗaya kuma 'yar mitsitsiya, fara fat. Ta ce surfa ta ake yi har kusan rabin ƙwayar ta tafi a dusa, zuciyar kawai ake so. Sai a wanke, a jiƙa, a turara, a barbaɗa mata wani irin fumfuna da suke kira koji, a rufe ta a ɗaki mai ɗumi kwana biyu ana juya ta da hannu. Ka ce ai mu ma haka muke lallaɓa daddawa, ta yi dariya ta ce lallai ka gane. Ta ce shugaban masu dafawa toji ake ce masa, kuma garinsu na girmama shi yadda ake girmama babban malami. Ta nuna mana hoton kakanta a bango, a cikin gilashi, a wuri mafi tsayi a shagon. Shi ma toji ne. Sannan ta ce tsohon ba ya buƙatar agogo, kunnensa yake karawa a jikin ganga, daga ƙarar kumfa yake sanin ko ta nuna.

Nan na kasa daurewa. Na tuna uwata a durƙushe, kunnenta a jikin randa, tana ɗaga mana hannu mu yi shiru. Ga wata ta ɗauko hoton kakanta tun daga Japan ta rataya a tsakiyar Landan, ni kuwa na binne tawa da sana'ar aro. Ba ka kalle ni ba, Malam, ka bar ni na share idona. Cewa kawai ka yi, "Ilimi ne ita ma ta yi, Direba. Ba sai na sha ba zan san haka."

Da yake wurin mutum biyu ka kama, sai aka jera wa kowannenmu ƙananan kofuna uku don ɗanɗanawa, kowanne bai fi kurɓi biyu ba. Matar ta ce a al'adarsu mutum ba ya zuba wa kansa, abokin zamansa ke zuba masa. Ka ba ta haƙuri ka ce ko zubawa ba za ka yi ba, ta kawo maka shayi, ita ta zuba mini. Na sha nawa uku. Sai na nuna naka na ce, "Ai allon ƙofa ya faɗa. Sake bar mini." Ka yi dariya har da tari, ka ɗauki na farko ka miƙo mini. Sau uku ina faɗa, sau uku kana miƙowa. Kofi shida na sha a ranar, ni dattijon ikilisiya, kai kuma shayi biyu. Kai ka riƙe ni har cikin jirgin ƙasa.

A daidai lokacin da kake miƙo kofin nan kana dariya wani ya tsaya a bakin taga ya ɗauki hoto. To, kai mai hoto, da kai nake yanzu. Ka san Malam Lawal, tunda ka gane shi ta gilashi. Ƙofa a buɗe take, taku biyar ne tsakaninku. Da tsoron Allah ne ya tsayar da kai, da ka shiga ka ce, Malam, me ya kawo ka nan? Ba ka shiga ba. Ka koma ka zauna ka gyara hoton, ka yanke ni, ka yanke butar shayi, ka bar mutum da kofi a hannu da kwalabe a bayansa. Gwiwar hannuna kaɗai ta tsira a gefe. Wannan ba kuskure ba ne, aiki ne ka yi da natsuwa, kuma ban yafe maka ba.

Sai ku da kuka riƙa turawa daga waya zuwa waya, kowa na ɗora "Allah ya shirya" a ƙasa, kamar addu'ar za ta wanke yatsan da ya tura. Kafin Asabar hoton ya kai Kano ya dawo. Mutumin da ya karɓo muku 'ya'ya daga bakin Turanci, wanda ya raka ku ofishin council, wato ƙaramar hukuma, yana yi muku tafinta, wanda ya wanke gawar 'yan uwanku, babu mutum ɗaya a cikinku da ya buga masa ƙofa ya tambaye shi. Da cewa kuka yi ya zauna inda bai kamata ba, da ban ja da ku ba, shi ma ya faɗa da bakinsa. Amma cewa kuka yi mashayi ne, har aka sami masu rantsuwa sun daɗe suna jin warin. Kwamitin ƙungiyar Hausawa mai kula da ajin ya aiko masa saƙon layi biyu, wai an dakatar da aji har sai an yi bincike, a kawo makulli. Wata goma sha shida ana binciken nan, ba a kira shi ko sau ɗaya ba.

Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wasu, yanzu bari in sauko. Ranar da hoton ya iso wayata na kira ka, Malam, na ce me za mu yi. Ka ce, "Idan na yi bayani sai na faɗi abin da ya kai mu, sai na ambaci mahaifiyarka. Ba ni zan fara faɗin sunanta ba, Direba. Kai za ka faɗa, ranar da ka shirya." Na ce na gode. Na gode kawai na ce, kuma wallahi sanyi na ji a raina, domin kujerata ta dattijo ta tsira. Kowace Lahadi ina tsayawa gaban jama'a ina karanta musu kada su yi shaidar zur, alhali shaidar gaskiya na cikin bakina na danne ta. Ka ci gaba da zuwa gidana, ka ci shinkafar Kirsimeti sau biyu bayan nan, ba ka taɓa tuna mini ba. Ranakun Asabar kuwa Hajiya ta ce kakan shirya da safe, ka ɗauki jakar littattafai, sai ka tuna, ka ajiye.

Da na zo zaman makoki ina daga bakin ƙofa, na ji wani mai babbar riga yana raɗa wa na kusa da shi, "An ce hanta ce, ka san abin." Tabarmar mamaci yake kai, dabinon sadakarsa na hannunsa. Zuciya ce, malam mai babbar riga. Zuciya ce, kuma ka tambayi kanka su wa suka ɗora mata kaya. Na so in tashi in faɗa a wurin, ban tashi ba. Ko a ranar ma ban tashi ba.

Da zan tafi Mufeeda ta biyo ni har bakin matakala. Shekararta goma sha tara, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta ce, "Uncle, you were his friend. Did my dad drink?" Wato ko babanta yana shan giya. Wata goma sha shida yarinyar nan na ɗauke da tambayar, kunya ta hana ta yi wa ubanta, ga shi ya tafi. Na ce mata a'a, na yi sauri na sauka. A'ar da ba ta da hujja, irin wadda kowane aboki zai faɗa a gidan mutuwa, kuma na ga a idonta haka ta ɗauke ta.

To, Mufeeda, ga hujjar, da Hausar da babanki ya koya miki karantawa. Gwiwar hannun da ke gefen hoton nan tawa ce. Kofin da ke hannunsa ni yake miƙo wa. Babanki bai sha ba, bai zuba ba, bai ko sunsuna ba. Ya shiga wurin ne don ya cire wa abokinsa kunyar uwarsa, kuma ya bar sunansa ya ɓaci don kada ya tona mini asiri. Ranar Lahadin da ta wuce na faɗi wannan a gaban ikilisiyarmu, na ajiye musu kujerarsu. Na faɗa wa Zion ko wace ce kakarsa. Wanda ke da tambaya kuma ya same ni, ban sauya lamba ba.

Malam, ka bar mini kofi uku ina dariya, ka sake bar mini maganar da ya kamata in faɗa kana da rai. Na faɗe ta a makare, ba ka ji ba, kuma da wannan zan zauna har tawa ta zo.

Allah ya jiƙanka, Malam Lawal, ya gafarta maka zaman nan da ka yi domina, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da abin da mutane suka hana ka. Hajiya Faridatu, Allah ya ba ki haƙuri da juriya, kuma ina neman gafararki, ko da ba yanzu ba. Mufeeda, Allah ya raya ki, ki ɗaga kanki duk inda aka ambaci sunan ubanki. Ga 'yan uwansa na gida, da abokan aikinsa, da yaran ajin Asabar, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa baki ɗaya.

Ni ne abokinsa da ya yi shiru,
Kambai, ɗan Zigwai mai burukutu.