Langar da Na Gani a Ƙunshin Dillaliya

Mu huɗu ne a tsakar gida ranar: ni, da matar ɗana, da ƙanwata wadda ta zo daga Gwangwan ganin likita, sai dillaliyar unguwarmu da ta yi sallama gab da la'asar. Ta biyar ɗin da ya kamata a ce tana nan, aminiyata ta bayan gidanmu, wata biyar ke nan ba ta tako ƙofata ba.

Suyar gyaɗa nake yi. Har yau in ƙanshin nan ya tashi sai in ga kaina a Falgore, ina 'yar ƙarama, a tsugune gefen murhun kakata. Ita ta riƙe ni tun da aka yaye ni. Ban taɓa shiga aji ba, abin da na sani duk a gindin turminta na koya. In an cire gyaɗa gidan cika yake da mata, wasu na ɓara, wasu na murza, wasu na sheƙa, ɓawo na tashi yana sauka a kan kallabi. Ita kuwa tana riƙe da taɓarya, tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana tuƙawa, har mai ya taso ya kwanta a sama.

Ba ta da yawan magana, amma ba abin da ke wuce idonta. Takan dubi abin da kowace mai saye ta riƙo. In shekara ta yi kyau, kwalba ake kawowa. In damina ta yi gardama sai a koma gwangwani, daga nan a koma ludayi. Kafin maza su fara zancen tsada a zaure, ita ta riga ta sani. Na ɗauki wannan idon a wurinta. Na kuma ɗauki wani abu, girman kai. Wata rana na tambaye ta ko in je in kira wata maƙwabciya da ta daina zuwa. Ta dube ni ta ce, “Wadda ta bar manki, ba a aika mata, ba a tambayar ta. Zauna.” Na zauna. Da wannan maganar aka kawo ni aure Karaye, da ita na tsufa.

To, shekarun nan na ga abin da kakata ke gani, har ma da ƙari. Ba sai an gaya mini a rediyo ba. Injin niƙa da ke kaiwa azahar yana ƙara, yanzu kafin hantsi ya yi shiru. Mahaucin da ke kayar da sa ranar kasuwa ya koma akuya, akuyar ma takan kai yamma a rataye. In na fita dubiya ko gaisuwa, sai in tarar da masu babur kwance a kan baburansu ƙarƙashin darbejiya, motar Kano kuma a tsaye tun safe tana jiran cika. Sukari ya koma ƙulli, omo ya koma ƙulli, sabulu ana raba shi biyu da wuƙa. Sallar da ta wuce, telan layinmu har barcin rana ya samu. Ni da nake matsar mai sau biyu a mako, na koma sau ɗaya, ɗayan ma rabin buta yake kwana.

Duk na ga wannan. Abin da ban gani ba shi ne na bayan katangata.

Shekara arba'in da wani abu muna tare da aminiyata. Tare muka yi goyo, mazajenmu suka rasu shekara biyu tsakani. Duk ranar matsa sai ta shigo da kwalbarta, ta ja kujera 'yar tsuguno, ta taya ni mulmula ƙuli-ƙuli, mu yi ta zancen waɗanda suka riga mu. In za ta tafi ta sayi kwalba cike. Ba ta taɓa yarda na ba ta kyauta ba, ta ce sana'a daban, zumunci daban. Bara ta koma rabin kwalba, ta ce cikinta ba ya son maiƙo. Daga nan sai ta ɗauke ƙafa.

Matar ɗana ce ta ce mini ta gan ta a shagon bakin titi tana sayen man leda, irin na jarka da ake ƙullawa. Raina ya ɓaci. Na ce wato maina ne ya zama abin ƙi, na kanti ya fi? Ban aika ba, ban tambaya ba. Mun haɗu a wani suna, muka gaisa kamar yadda ake gaisawa da baƙuwa. Ranar matsa kuwa ni kaɗai nake mulmula, don matar ɗana tana da ɗinkinta. Kujerar nan na jingine ta da bango don kada in riƙa ganin ta a buɗe.

Ana cikin haka dillaliya ta zo ranar. Ta sauke ƙunshinta da nishi, ta ce, “Inna, wuyana zai karye. Da, gida uku nake shiga kaya ya ƙare. Yanzu duk gidan da na shiga ƙara mini suke yi.”

Ƙanwata ta ce, “Ai ke kakarki ta yanke saƙa.”

Dillaliya ta ce, “To wa zai saya? Kowa sayarwa yake. Ku dai ku duba, ko Allah zai sa.”

Ta kwance. Atamfofi ne da ba a ɗinka ba, da agogon bango, da tukwane, da wata langa mai ruwan ƙwai da jan fure. Matar ɗana ta ɗaga murfin tana juyawa. Nan na ga gurbin da fenti ya ɓalle a gefe, baƙi, kamar ƙwayar wake. Ni na yi wannan tabon. Ranar sunan ɗana aminiyata ta ara mini langar, ta suɓuce daga hannuna ta bugi dutsen niƙa. Shekaru ta yi tana yi mini gori a kai. Langar uwarta ce, ita ce a saman jerenta, ba ta saukowa sai da babban dalili.

Na ce, “Wannan daga wane gida?”

Dillaliya ta ce, “Haba Inna, ke ma kin san ba a faɗa. Ran da na fara faɗa, ran nan na bar sana'a.”

Na ce, “Haka ne. Ajiye mini ita.”

Ƙanwata ta dube ni. “Yaya, me za ki yi da tsohuwar langa? Naki ma wa ke ci a ciki?”

Na ce, “Ban tambaye ki ba.”

Ban yi ciniki ba, abin da ta faɗa na bayar, har dillaliyar ta tsaya kallona. Na kai langar ɗaki na tura ƙarƙashin gado. Gyaɗar da ke kan wuta ta ƙone a gefe guda, abin da rabona da yi tun ina amarya.

Da na yi sallar magariba na zauna a kan dardumar ban tashi ba. Sai a lokacin na fahimci abin. Matar da ta saba fita gidana da kwalba cike ba za ta iya miƙo mini cokali ba. Ba za ta kuma zauna ta taya ni aiki ta tashi hannu wofi ba, don ta san zan ba ta, ita kuma ba ta karɓa. Mai shago bai san ta ba, ba ruwansa da ko ƙulli nawa ta saya. Ni kuwa da nake taƙama ba abin da ke wuce ni, na ƙirga baburan tasha, na kasa gane wannan. Kakata ta yi zamani da mutane da yawa, in ɗaya ta tafi goma na nan. Ni ɗaya ta rage mini. Yanzu rashi ba ya sa mutane su taru, kowa rufe ƙofarsa yake ya ci abin da ya samu don kada a gani.

Mayar mata da langar ba zai yiwu ba, tozarci ne. Mai ma ba zan kai ba.

Da gari ya waye na ɗebi gyaɗa mai ɓawo a faranti, na yafa mayafi, na zagaya ta lungu. Na yi sallama sau biyu kafin ta amsa. Ta rame. Muka gaisa, na shiga na zauna na ba jeren kwanukanta baya.

Na ce, “Aminiya, yatsuna sun ƙi. Taya ni ɓara.”

Ta daɗe tana kallon farantin. Can ta jawo shi gabanta, ta fasa ɗaya, ta fasa ta biyu, ta taɓe baki.

Ta ce, “Wa ya sayar miki da wannan? Rabi duk fanko ce.”

Na ce, “Ɓara dai.”

Muna nan har aka kira azahar.