Buhun Malam Bulus

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Malam Bulus, kuma har yau ban ci gardamar da muka fara da shi ba. Shi ma bai ci ba. Mutuwa ce ta tashi zaman.

Tare muka koyar a firamare a Sabon Birni cikin shekarun fari, shi Kirista daga kudu, ni ɗan Gangara mai taƙama da Larabcin zaure. Mun mayar da kallon sama sana'a. Wata rana wani farin girgije ya wuce mu ko sallama babu, na ce ɗaukaka ta Allah ce, Shi ke tafiyar da shi. Bulus ya ce haka ne, amma a harshen Yahudawa kalmar ita ce kabod, asalinta kuwa nauyi. A littattafansu, in ji shi, ɗaukakar Ubangiji saukowa take cikin girgije ta cika wuri, har Annabi Musa ya kasa shiga. Kiristoci kuma sun ce sun gan ta a wanda ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa. Na ce Bahaushe ya fi su lissafi: abin da aka ɗaukaka sama yake yi. Ya ce, "Malam, girgijen da ya yi sama, me ya ba ka?"

A shekarar muka cinye irin shuka. Yunwa ba ta san gobe ba. Da ruwan farko ya sauka, Innata ta zauna ƙofar rumbu tana kallon ƙasa na shan ruwa, ba ko ƙwayar da za a jefa mata. In damshin ya wuce, sai ƙaura.

Washegari da la'asar sai ga Bulus a ƙasa, ya yi sharkaf da gumi, buhu a ka. Ya ba wani ɗan kasuwa mai shiga Nijar kekensa, ya karɓo irin gero mai saurin nuna.

Inna ta ce, "Ɗan nan, ina keken naka?"

"Ga shi bisa kaina, Inna." Ya juyo gare ni. "Kai kuma sauke mini wannan ɗaukakar, ta yi nauyi."

Ban san me zai ce da zamanin nan ba, da kowane bango ke ɗauke da hoton wani mai girma, gonaki da yawa kuwa tsoro ya hana a taka su. Ina jin zai tambayi nauyin masu girman, ya yi dariya. Gwangwanin da ba kome ciki ya fi ƙara.

Ranar da aka ɗauki akwatin gawarsa na sa kafaɗa. Ciwo ya cinye shi, kamar ba kowa ciki. Amma a waccan shekarar ta fari ba mu yi ƙaura ba, kuma a gidanmu har yau sunan geron nan "keken Malam". Jikokina na shuka shi, suna tambaya ina tayoyin.